Gina Tsauni a Kwamfuta: Jagora Ga Mai Aiki da Blender

Duk wanda ya fara koyon zanen kwamfuta mai tsawo da faɗi da zurfi, wato 3D, ba ya daɗewa sai sha'awar yin tsauni ta kama shi. Cikin minti biyar manhaja za ta ba ka wani abu mai tudu da kwari, ka juya shi, ka haska masa rana, ka ji kamar ka gama. Amma da ka nuna wa wani sai ka ga ya yi jim, idonsa ya ƙi yarda, ko da bai iya faɗin dalili ba. Galibi abin da ya rasa aikin ruwa ne. Tsaunin gaske ruwa da iska da nauyin kansa ne suka daɗe suna sassaƙa shi, kuma mai zanen da bai kwaikwayi wannan sassaƙar ba, komai yawan ƙyale-ƙyalen da ya zuba, tsibin ƙasa kawai zai samu.

Blender za mu yi aiki da ita a nan, don kyauta ce tun shekarar 2002, lokacin da mai ƙirƙirarta Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, ya sake ta ga jama'a, kuma kwamfutar cinya mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarta. Sunayen maɓallai da umarni zan rubuta su yadda suke a fuskar manhajar, don kada ka sha wahalar nema.

Kafin ka taɓa linzami, yanke shawara a kan irin tsaunin da kake so, ka tara hotunansa daga kusurwoyi daban-daban. Tsaunukan Alps na Turai ƙanƙara ce ta yanke su, shi ya sa ƙololuwarsu ke da kaifi, kwaruruwansu kuma masu faɗin gindi ne kamar harafin U. Inda kogi ya yanka, kwarin yakan tsuke a ƙasa kamar harafin V. Duwatsun da ke ƙasarmu kuwa, irin su Zuma a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, da Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, wani jinsi ne daban: dunƙulallen dutse mai santsi da ya taso kai tsaye daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba ya da jerin ƙololuwa, ba ya da dogayen kwaruruwa. Yawancin darussan da za ka gani a intanet tsaunin ƙanƙara suke koyarwa. In ka bi su ido rufe kana nufin yin Kufena, a Suwizalan za ka tsinci kanka.

Sai girma. A Blender ma'auni ɗaya mita ɗaya ne, kuma gara ka gina tsauninka da girmansa na gaske. Danna Shift da A, ka shiga Mesh, ka zaɓi Grid. A ƙaramin akwatin da zai fito a ƙasa ta hagu, sa Size ya zama mita 4,000, rabe-raben kowane gefe kuma 512. Ka samu raga mai gida sama da 262,000, kowane gida kusan mita 8 a faɗi. Wannan lissafin kada ya fita daga ranka: duk abin da bai kai mita 8 ba, wannan raga ba za ta iya nuna shi ba. In ka ninka zuwa 1,024, gidajen sun haura miliyan ɗaya, kwamfutar kuma za ta fara nishi. Ka bar ninkawar sai ƙarshe. In ka ga filin ya ɓace ko an datse rabinsa, ba abin da ya lalace. Danna N, ka shiga View, ka ɗaga Clip End zuwa mita 20,000, ka yi wa kyamara haka ita ma. Sannan ka ajiye ɗan akwati mai tsayin mutum, mita 1.7, a wani gefe, da wani mai girman gida. Su ne za su riƙa tuna maka cewa ɗan tudun da ka ja da yatsa ya fi bene mai hawa goma.

Kyamarar ma tun yanzu za ka kafa ta. Tsaunin da za a hango daga nesa a hoto ɗaya ba ya bukatar wahalar da za a yi wa wanda ɗan wasan gem zai hau ya sauka. Bayan dutsen da kyamara ba za ta gani ba, kada ka ɓata masa ko minti ɗaya.

Manyan siffofi da hannu ake yin su. Shiga Edit Mode, ka danna O don kunna jan da ke tafiya da maƙwabta, ka zaɓi ɗigo ɗaya, ka danna G sannan Z, ka ja sama kana murza tayar linzami don faɗaɗa da'irar. Ko kuma ka shiga Sculpt Mode ka yi aiki da Grab da Clay Strips, kana ƙara girman burushi da F. Abin da ake nema a wannan mataki shi ne ƙashin bayan tsaunin: doguwar tozon da ke haɗa ƙololuwa da ƙololuwa, da ƙananan tozaye da ke sauka daga gare ta hagu da dama. Ka sa ƙololuwa ɗaya ta fi saura, ka kauce wa tsakiyar fili, ka sa gefe ɗaya ya fi ɗaya tsaye. Dubi abin daga inda kyamara take, ka kashe fitilu har ya zama baƙin zane a jikin sama. In wannan baƙin zanen bai burge ba, babu launin da zai cece shi daga baya.

Yanzu sai a zo ga hargitsi, wanda a manhajar za ka gan shi da sunan Noise. Tarihinsa yana taimakawa wajen gane yadda ake sarrafa shi. A shekarar 1980 wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing, Loren Carpenter, ya nuna wani fim na minti biyu mai suna Vol Libre, inda kyamara ke shawagi a kan tsaunukan da kwamfuta ta ƙera. Dabarar ya samo ta ne daga rubuce-rubucen masanin lissafi Benoit Mandelbrot, kuma ba ta da wuyar fahimta: ka ɗauki layi, ka ɗaga ko ka sauke tsakiyarsa da ka, ka sake yi wa kowane rabi haka amma da rabin ƙarfin farko, ka yi ta maimaitawa. Kamfanin Lucasfilm ya ɗauke shi aiki, dabarar ta fito a fim ɗin Star Trek na biyu a 1982. Shi kuma Ken Perlin, bayan ya yi aiki a fim ɗin Tron, ya ƙirƙiro hargitsi mai laushi da ke hawa da sauka ba tare da karyewa ba, ya wallafa shi a 1985, har aka ba shi lambar yabo ta fasaha daga masu shirya Oscar a 1997. Noise Texture ɗin da ke Blender jikan waɗannan ayyuka ne: hargitsi ne da aka jera hawa-hawa, kowane hawa ya fi na baya ƙanƙanta da rauni.

Hanya mafi tsabta ta ɗora shi ita ce ta Geometry Nodes. Ka sa Set Position, ka ninka Noise Texture da adadin mitocin da kake so ta hanyar Math, ka haɗa shi da ƙofar Z ta Combine XYZ, ka kai sakamakon ga Offset. Scale shi ne faɗin tuddan. A fili mai kilomita 4 adadin zai zama ƙarami ƙwarai, wajen 0.001, don haka kada ka firgita in da farko ka ga ƙaya kawai. Detail shi ne yawan hawa. Roughness shi ne ƙarfin da kowane hawa ke gāda daga na gabansa: a 0.5 rabi yake ɗauka, in ka kai 0.7 komai ya zama kaushi, in ka sauko 0.35 sai tuddai masu laushi. Lacunarity ka bar shi a 2. Daga Blender 4.1 an haɗe tsohon Musgrave Texture cikin wannan, don haka a jerin nau'o'insa za ka ga Ridged Multifractal, mai ba da tozaye masu kaifi, da Hetero Terrain da Hybrid Multifractal, masu barin kwari da laushi su sa kaushi a sama. Waɗannan biyun na ƙarshe sun fi kusa da gaskiya. Akwai kuma ƙarin manhaja mai suna A.N.T. Landscape da ke yin duk wannan da dannawa ɗaya, wadda tun daga 4.2 sai an sauko da ita ta sashen Get Extensions. Tana da daɗin gwaji, amma a ganina wanda ya fara da ita yakan daɗe bai san abin da ke faruwa a ƙarƙashi ba.

Hargitsin ya zama ƙari a kan siffar da ka sassaƙa, ba shi ne ginshiƙi ba. In tsauninka mita 900 ne, hargitsin ya tsaya wajen mita 100 zuwa 150.

Ga inda aikin yake. Hargitsi na asali bai san sama da ƙasa ba. Kifa filin da aka yi da hargitsi zalla, za ka ga kwari ya zama tudu, tudu ya zama kwari, kuma ba abin da ya sauya a kamanni. Ƙasar gaske ba ta yarda da haka. Cikin filin hargitsi akwai ramuka rufaffu ko'ina, waɗanda da za a yi ruwa da kowannensu ya zama tafki. A tsaunin gaske kuwa kusan kowane lungu yana da mafita, ƙaramar magudana ta faɗa kwazazzabo, kwazazzabo ya faɗa ƙorama, ƙorama ta faɗa kogi. Wannan haɗuwar magudanai ita ce ido ke nema ba tare da mai idon ya sani ba.

In kana son ganin abin da idonka, je ka tsaya a gaban tsibin yashin da tifa ta juye a wurin gini, washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Daga can sama siraran layuka ne birjik, ba zurfi. Suna gangarowa suna haɗuwa biyu-biyu, suna raguwa a yawa suna ƙaruwa a zurfi, tsakaninsu kuma an bar 'yan tozaye masu kaifi. A gindi, inda gangaren ya kwanta, ruwan ya rasa ƙarfi ya zubar da abin da ya ɗauko, yashin ya bazu a shimfiɗe mai laushi, tsakuwa ta tsaya kusa, lallausan ya yi nisa. Ka lura kuma da gefen da ruwa bai taɓa ba: busasshen yashi ba ya tsayawa a gangaren da ya wuce digiri 34 ko kusa da haka, in ka ƙara masa sai ya zame. Ɗauki hoto. Duk abin da manhajojin zaizaya ke lissafawa yana jikin wannan tsibin.

Ken Musgrave da abokan aikinsa ne suka fito da hanyar kwaikwayon wannan a kwamfuta a 1989, suka raba shi gida biyu. Akwai zaizayar ruwa: a zuba ruwa a kan raga, ya gangara, ya kwashi ƙasa gwargwadon gudunsa, ya ajiye inda ya lafa. Akwai kuma zaizayar zubewa: duk inda gangare ya wuce iyakar da aka sa, ɓaraguzai su zube ƙasa su taru a gindi. Blender ba ta da ƙarfi a wannan fanni. A.N.T. Landscape tana da Landscape Eroder, amma tana da nawa. Masu sana'ar sukan fitar da filin zuwa Gaea ko World Machine ko Houdini, su yi zaizayar a can, su dawo da shi. Gaea da World Machine suna da nau'in kyauta mai iyakar girman hoto, wanda ya ishi mai koyo. In ka samu ɗaya daga cikinsu, ka yi zaizaya sau biyu: ta farko mai ƙarfi don ta yanke manyan kwaruruwa, ta biyu mai sauƙi don ƙananan layuka. Kada ka cika hannu, don zaizaya in ta yi yawa duk tsaunuka kama ɗaya suke komawa. Kuma ka fitar da taswirorin da manhajar ke bayarwa na inda ruwa ya bi da inda ƙasa ta taru, za su yi maka amfani wajen launi.

In ba ka da su, hannu ma yana yi, sai dai haƙuri. Ka tabbatar da hargitsin a jikin ragar, ka koma Sculpt Mode, ka ɗauki Crease. Fara daga gindi, ka ja babban kwari zuwa sama, yana sirancewa. Daga gare shi ka fitar da rassa, kowane reshe ya haɗu da uwarsa yana fuskantar gangare, kada ya zo mata a gicciye. Riƙe Shift ka lallashe gindin kwari da ƙasan gangare, ka bar sama da kaushinsa. Da Scrape kuma ka daddatse wasu fuskoki su zama bangon dutse. Bayan nan ka bi kowane rami da ido ka tambayi kanka ta ina ruwa zai fita. Wanda ba shi da mafita, ko ka buɗe masa hanya ko ka mai da shi tafki da gangan.

Dunƙulallen dutse irin na Zuma akasin haka yake so. Rage hargitsi sosai, ka yi ƙatuwar kubba mai tsayayyun gefuna, ka sa 'yan tsagogi da wuraren da fatar dutsen ta ɓare falle-falle, sannan ka tara manyan ɓaraguzai da bishiyoyi a gindi. Zaizayar da ke jikinsa a launi take fitowa, wato baƙaƙen layukan da ruwa ke bari daga sama zuwa ƙasa.

Akwai wata hanya dabam, ta ɗauko ƙasar gaske. A watan Fabrairu na 2000 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tudun ƙasa da na'urar rada, daga digiri 60 a arewa zuwa 56 a kudu. Wannan ma'auni, SRTM, kyauta ne a shafin EarthExplorer, kuma kowane ɗigo a cikinsa kusan mita 30 ne. Akwai kuma na Turai, Copernicus GLO-30, mai irin wannan ma'auni. Ka sauko da yankin da kake so, ko tsaunukan Azbin ne inda Bagzan ya haura mita 2,000, ko Chappal Waddi na Taraba mai mita 2,419. Buɗe shi a manhajar QGIS, ka juya shi daga ma'aunin digiri zuwa na mita, wato UTM. Kano da Jos da Agadas duk a shiyya ta 32 ta arewa suke. Yanke murabba'i, ka rubuta tudu mafi ƙasa da mafi sama, ka fitar da hoto fari da baƙi, inda fari ke nufin sama. A Blender ka sa wa ragarka Displace, ka ba shi hoton, ka sa Color Space ya zama Non-Color, Midlevel ya zama sifiri, Strength kuma ya zama bambancin tudun nan biyu da ka rubuta.

Hattara da zurfin hoton. Hoto mai bit 8 matakin toka 256 kawai gare shi. Raba mita 2,000 gida 256, kowane mataki ya kusa mita 8, tsauninka zai fito da matattakala tun daga gindi har ƙololuwa. Mai bit 16 yana da mataki 65,536, wato kusan santimita 3 kowanne. Saboda haka PNG ko TIFF mai bit 16, ko EXR. JPEG kuwa ko kusa. Ka kuma sani cewa fili mai kilomita 10 ɗigo 333 ne kacal a kowane gefe. Ya isa hangen nesa, amma ƙaramin dutse kamar Dala 'yan ɗigo kaɗan zai zama, sai ka ƙara masa hargitsi da sassaƙa da kanka.

Duk waɗannan hanyoyi iyakarsu ɗaya: kowane wuri a fili tudu ɗaya tak yake da shi. Kogo, da dutsen da ya yi rumfa, da duwatsun da suka hau kan juna irin na Riyom a Filato, ba sa fitowa daga taswirar tudu. Daban ake ƙera su a dasa. Ƙera guda biyar ko shida, ka warwatsa su da Distribute Points on Faces da Instance on Points, kana sauya girma da juyi, ka nutsar da gindin kowanne cikin ƙasa kaɗan don kada ya zama kamar ajiye shi aka yi.

Launi gangare ne ke raba shi. A Shader Editor ka ɗauko Geometry, ka kai Normal ga Separate XYZ, ka ɗauki Z ka kai ga Color Ramp. Inda ƙasa take a kwance adadin 1 ne, a tsayayyen bango sifiri, a digiri 45 kuma wajen 0.7. Ka sa ciyawa da ƙasa daga 0.85 zuwa sama, tsakuwa a tsakani, tsirarar dutse daga 0.7 zuwa ƙasa, ka gauraya ɗan hargitsi a kan iyakokin don kada su zama kamar an ja da rula. Kore ya fi yawa a kwari, inda danshi yake. Hoton fatar dutse kuma in ka shimfiɗa shi daga sama zai jawu a jikin bango. Sauya Projection ɗinsa zuwa Box, ka ɗaga Blend kaɗan.

Rana kada ta kasance a bayan kyamara ko a tsakar ka, don tana shafe duk wahalar da ka sha. Sauko da ita gefe, kamar ta hantsi ko ta la'asar sakaliya, inuwa ta kwanta cikin kowane kwazazzabo. Sai hazo, wanda shi ne ke gaya wa ido nisa: tsaunin da ke gaba launinsa cikakke, na bayansa ya kwashe, na can ƙarshe ya kusa narkewa cikin sama. A ƙasashen sanyi hazon shuɗi-shuɗi ne. In hunturun ƙasar Hausa kake zanawa, fari ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, kuma yana cinye nesa da wuri. Kunna Mist a cikin Passes ka gauraya shi a Compositor ya fi Volume Scatter sauƙi ga ƙaramar kwamfuta nesa ba kusa ba.

In filin na gem ne, ka fitar da taswirar tudun da girman da injin yake so: Unity tana karɓar 513 ko 1,025 ko 2,049, Unreal kuma ta fi son 1,009 ko 2,017 ko 4,033. In kuma hoto ne, sai yanzu za ka ninka ragar da Subdivision Surface, ka sa matakin Viewport ƙasa, na Render sama. Kafin ka danna F12, adana aikin da sabon suna, don ragar da ta haura gida miliyan huɗu tana iya rufe Blender ba sallama.